Babi na Shida: Mai Jita Ya Koma Bes

Duk inda samari suka haɗa ƙungiyar kiɗa, masu jita ne ke yin yawa. A Gadarif ma haka take. Za ka tarar da mutum uku kowa ya rungumi tsirkiya shida, ga mai fiyano, ga mai ganga, amma babu wanda zai riƙe gindin kiɗan. In an gaji da kallon-kallo sai a juya ga wanda ya fi kawaici a ce masa, "Kai ka koma bes mana, ai duk ɗaya ne." Shi kuma sai ya ji kamar an rage masa girma, an ƙwace masa tsirkiya biyu an tura shi can baya kusa da mai ganga.

Ba a kansa aka fara ba. Paul McCartney jita yake kaɗawa a ƙungiyar Beatles, sai da Stuart Sutcliffe ya bar su a 1961 aka rasa mai ɗaukar bes, ya ɗauka ba da son ransa ba. A Hamburg ya sayi Höfner ɗin nan mai siffar gogen Turawa, kuma dalilinsa bai wuce biyu ba: kuɗinsa bai kai na Fender ba, sannan shi bahago ne, kayan kuwa gefen damansa da na hagu iri ɗaya ne, ko an juya shi ba ya muni. Noel Redding da jita ya je gwaji a Landan a 1966, ya tashi da bes a bayan Jimi Hendrix. Carol Kaye ta yi shekaru tana kaɗa jita a ɗakunan ɗaukar faifai na Los Angeles, ran nan a 1963 mai bes bai zo ba aka miƙa mata, daga nan ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi ɗauka a faifai a duniya. Kayan ma tun asali da irin waɗannan mutane a zuciya aka ƙera shi. Lokacin da Leo Fender ya fito da Precision Bass a 1951, ya sa masa ƙarafan gaɓa irin na jita ne don mai jita ya iya ɗauka ya samu aiki, ba sai ya koyi ƙaton bes ɗin nan na tsaye ba, wanda ya kai tsawon mutum.

To, "ai duk ɗaya ne" ɗin nan rabin gaskiya ce. Tsirkiyoyin bes huɗu su ne masu kaurin nan huɗu na jita, mi da la da re da sol, sai dai an sauke su ƙasa da hawa guda cur. Mi ta jita tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa, ta bes sau 41. Duk inda ka san sauti yake a wuyan jita, nan yake a wuyan bes. Wannan rabin kyauta aka ba ka. Ɗaya rabin kuwa hannunka da kafaɗarka da aljihunka ne za su biya.

Mai kaɗa bes a Sudan yana da magabata, ko da ba a cika kiran sunansu ba. Sa'ad da Gidan Rediyon Omdurman ya buɗe a 1940, udu da goge da ganguna ne ke raka mawaƙa. A farkon shekarun nan ne A'isha Falatiya, 'yar Hausawa haifaffiyar Kasala, ta shiga rediyon ta rera waƙa alhali ana ganin abin kunya ne ga mace. Sharhabil Ahmad, wanda ake yi wa laƙabi da sarkin jaz na Sudan, shi ya yi fice wajen shigo da jitar lantarki da bes da ganguna irin na Turawa cikin waƙar ƙasar, matarsa Zakiya Abul Ƙasim tana cikin ƙungiyar da jitarta. Bayansa ga Kamal Keila, ga ƙungiyar Scorpions da Saif Abubakar. Wanda ke son ya ji yadda bes ke zama a ƙarƙashin waƙar Sudan ya nemi faya-fayensu da kamfanin Habibi Funk na Berlin ya fitar tsakanin 2018 da 2020. Manyan ƙungiyoyin da suka raka Muhammad Wardi da Abdulkarim Alkabli su ma ba su rasa mai bes ba. Daga baya, musamman bayan 1989 da aka matsa wa makaɗa lamba, da yawa suka fice zuwa Alƙahira, sai fiyanon lantarki da ake kira org ya cinye dandalin biki. Mutum ɗaya, na'ura ɗaya, ganga da bes da goge duk suna fita daga cikinta, mai biki kuma baki ɗaya zai ciyar. Abin da ya faru a ɗakunan kiɗan Kano ke nan, inda waƙoƙin fina-finai suka koma hannun mai fiyano. Saboda haka saurayin Gadarif da ya sayi bes ya sani, abokin takararsa ba wani mai bes ba ne. Hannun hagun mai org ne.

Gadarif gari ne na noma, kuma duk wata shawara kan sayen kaya sai ta bi ta kan wannan. Tun tsakiyar shekarun 1940 aka fara noma da tarakta a Gadambaliya, yamma da garin, aka mayar da baƙar ƙasar nan mai tsagewa rumbun dawa da riɗin Sudan. Hausawa suna cikin waɗanda suka yi wannan aiki da hannunsu, jikokin mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka da na waɗanda suka biyo Mai Wurno gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Kuɗi a garin da kaka yake shigowa: riɗi wajen Oktoba, dawa zuwa ƙarshen shekara. Da kuɗin bukukuwa ke zuwa, da bukukuwan aikin makaɗa ke zuwa. Abin da garin bai taɓa samu ba shi ne shagon da za ka shiga ka tarar da bes goma a rataye kana gwadawa ɗaya bayan ɗaya. A da sai a kama hanyar Khartum, wajen kilomita 410. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 sai wannan hanya ta zama wani labari. Kaya sai dai ta Port Sudan, ko a hannun ɗan'uwa da ke dawowa daga Jidda ko Dubai, ko daga titin Muhammad Ali na Alƙahira inda masu sayar da kayan kiɗa suke jere, ko ta Gallabat daga Habasha. Ma'ana sau da yawa za ka biya kuɗin abin da ba ka taɓa riƙewa ba. Don haka dole ka san lambobi kaɗan, waɗanda za ka iya tambaya ta waya.

Lamba ta farko ita ce tsawon tsirkiya, daga inda ta hau wuya zuwa inda ta sauka a kan gada. A jitar Fender inci 25.5 ne, wato santimita 65 ba kaɗan. A bes na yau da kullum inci 34 ne, santimita 86 da ɗoriya. Akwai kuma gajere mai inci 30, santimita 76. A baki bambancin ba shi da yawa. A tafin hannu ne yake fitowa. Gaɓar farko a jita milimita 36 ce, a dogon bes 48, a gajere 43. Gaɓoɓi huɗu na farko, waɗanda mai jita ya saba shimfiɗa wa yatsu huɗu ba tare da ya motsa hannu ba, santimita 13 ne da rabi a jita, amma kusan 18 a dogon bes. Ka ɗauki ma'auni ka buɗe yatsunka daga manuniya zuwa ƙaramin yatsa ka gani. Yawancin mutane ba su kai ba sai da yunƙuri, yunƙurin nan kuwa in aka yi ta yinsa dare bayan dare shi ke komawa ciwon wuyan hannu.

Nan ne kowa ke cewa mai jita ya sayi gajere kawai ya huta. Shawarar tana da ƙafa. Höfner ɗin McCartney gajere ne. Fender ya fito da Mustang Bass a 1966 don masu ƙananan hannuwa, kuma har yau ƙwararru na kaɗa shi. A cikin masu araha akwai Squier Bronco mai inci 30, akwai Ibanez Mikro da ya fi shi gajarta, inci 28.6, wanda mai jita zai ɗauka ya ji kamar bai canja kaya ba. Tsirkiyarsu ta fi laushi a yatsa, muryarsu ta fi kauri da dunƙulewa. Da a Alƙahira ko Legas kake zaune da na ce bismilla. A Gadarif kuwa akwai abin da ke sa ni jan ƙafa: tsirkiya. Kusan duk wadda za ta faɗo hannunka ta dogon bes ce. In ka ɗaura ta a gajere, ɓangarenta mai kauri ne zai naɗe a kan kunnen ɗauri, kuma a nan take tsinkewa, tun ba ma tsirkiyar mi ba. Wanda ya sayi gajere ya ɗaure kansa da jiran matafiyi duk sanda tsirkiya ta mutu. In hannunka ƙarami ne ƙwarai, ko yaro kake saya wa, ko kana da mai aiko maka, ka sayi gajeren da tsirkiya biyu ko uku na ajiya tun ranar farko. In ba haka ba, dogon ya fi maka, sai ka gyara yadda kake riƙo.

Gyaran kuwa ba wuya. Masu ƙaton bes na tsaye sun daɗe da warware matsalar: a gaɓoɓin ƙasa yatsu uku ake amfani da su a kan gaɓa uku, manuniya da na tsakiya da ƙarami, na zobe yana taimaka wa ƙaramin wajen dannawa. In ana buƙatar gaɓa ta huɗu, hannun ne gaba ɗaya ke matsawa, ba yatsa ke miƙewa ba. Kuma waƙar Sudan ta yi wa mai bes gata a nan. Tsaninta mai sauti biyar ne, irin wanda kunnen Bahaushe ya sani tun daga garaya da gurmi, kuma sautuka biyar ɗin suna kwance a wuyan bes gaɓa biyu tsakani, tsirkiya kusa da tsirkiya. Ba ka buƙatar doguwar miƙa.

Abin da ya fi tsawo tasiri a hannun mai jita, a ganina, kaurin wuya ne. Precision na asali faɗin wuyansa a sama ya kai milimita 44, na zamani wajen 41, ga shi cike da tafi. Jazz Bass da Fender ya fitar a 1960 milimita 38 ne, ya ma fi wuyan jita tsukewa a wajen. Jerin Ibanez da ake kira Soundgear ya fi kowa sirantar wuya, shi ya sa masu jita ke saurin sabawa da shi. Yamaha TRBX174 da Cort Action suna tsaka-tsaki, ba su cika tafi ba. Waɗannan biyun, da Squier Affinity, sababbinsu a kasuwannin waje suna cikin masu araha, kuma yawanci a Indonesiya ko Sin ake ƙera su, wani lokaci ma a masana'anta ɗaya duk da sunayen sun bambanta. Da fam ɗin Sudan ba a faɗin farashi a littafi, kafin tawada ta bushe ya canja.

Sai nauyi. Bes yakan kai kilo uku da rabi zuwa huɗu da rabi, tsofaffin wasu har biyar. A zaune ba za ka ji komai ba, kuma a zaune kowa ke gwada kaya, wannan shi ne tarkon. Biki a tsaye ake yinsa. Mai yankan riɗi ba ya zaɓen lauje da ido, sai ya riƙe ƙotar ya wurga hannu ya ji ko za su wuni tare. Haka za ka yi da bes. Ka rataya shi, ka miƙe, ka saki hannu biyu. In kan ya sunkuya ƙasa, to hannun hagunka zai kwana yana tallafe wuya maimakon kiɗa. Sirrin yana ga ƙahon sama na jikin, inda maratayi ke kamawa: in ƙahon ya miƙo har daidai gaɓa ta goma sha biyu, kayan zai zauna daram. Masu gajeren ƙaho irin siffar Epiphone EB-0 suna da kyau a hoto, amma sun yi suna wajen sunkuyar da kai. Ko ta waya za ka iya duba wannan, ka ce a turo maka hoton kayan daga gaba ka ƙirga gaɓoɓin. Maratayi kuma ya zama mai faɗi, kamar yatsu huɗu. Ba sai na kamfani ba. Duk baduku zai yanka maka fata ya ɗinka mata soso a ciki, ta fi ta shago ƙarko.

Akwai bes mai batir, akwai marar batir. Mai batir yana da ɗan injin ƙara sauti a cikinsa da maɓallai huɗu ko biyar, yana cin batir mai murabba'i na volt 9. Mai sayarwa zai nuna maka yawan maɓallan a matsayin daraja. Ni dai a garin da ba kowane kanti ke da wannan batir ba, kuma wanda ake samu ba kullum yake da rai ba, marar batir nake zaɓa. Da yawa daga masu arahar ba su da makunnin da zai mayar da su marar batir, in ya mutu a tsakiyar waƙa sai sautin ya fara kakari, daga nan shiru. Wanda ya riga ya mallaki irinsa ya riƙa zare waya daga jikin kayan duk sanda ya ajiye, domin wayar ce ke kunna batirin. Marar batir kuwa cikinsa ba komai sai maganaɗisu da maɓalli biyu ko uku da 'yan wayoyi. Duk mai gyaran rediyo da ke da dalma zai iya tashinsa.

Maganaɗisun ma iri biyu ne. Na Precision, tun daga 1957, an raba shi gida biyu ta yadda ɓangarorin ke kashe wa juna gurnanin lantarki. Na Jazz dogaye ne guda biyu, kowanne shi kaɗai yana jawo gurnani, sai an buɗe su duka biyu daidai wa daida suke yin shiru. A filin biki da janareta ke aiki, wayoyi sun bi ta ƙarƙashin tabarmi, babu wayar ƙasa, wannan ba ƙaramin zance ba ne. Yawancin masu arahar yanzu suna haɗa ɗaya na Precision a tsakiya da ɗaya na Jazz kusa da gada. Ka buɗe na tsakiyan, ka rage na gadan, ka samu sautin da zai zauna ƙarƙashin mawaƙi ba hayaniya. In kuwa ka taɓa tsirkiya ka ji wuta na tsikarinka, ka ajiye kayan a gyara wayar tukuna. An rasa makaɗa ta wannan hanya.

Itace yana jin yanayi, yanayin Gadarif kuwa ba shi da tsaka-tsaki. Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, iska ta bushe ƙayau. Daga Yuni zuwa Oktoba ruwa ya sauka, ƙasa ta zama taɓo mai cire takalmi, komai na ɗaki ya yi danshi. Da rani itacen wuya yana tsukewa, bakin ƙarafan gaɓa ya leƙo ta gefe yana kartar hannu, wuyan ya ɗan lanƙwasa gaba, tsirkiya ta yi sama. Da damina ya kumbura ya koma baya, tsirkiya ta kwanta tana zizar gaɓa. Wannan ba lalacewa ba ce. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake juyawa da ɗan makulli mai kusurwa shida, kuma sau biyu a shekara za ka nemi makullin nan. Rubu'in juyi ake yi, a bar shi ya kwana, a sake dubawa. Saboda wannan yanayin ne na fi son bes mai dunƙulallen jiki wanda aka ɗaure wuyansa da kusoshi huɗu a baya, a kan mai rami a ciki da aka haɗa da gam irin kwaikwayon Höfner. Gam ba ya shiri da ɗakin kwano a watan Mayu. Ɗakin ciyawa mai zagaye irin na garin ya fi wa kayan kiɗa lafiya nesa ba kusa ba.

Mafi yawan masu karanta wannan babi na hannu za su saya, don haka bari mu tsaya a kansa. Bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar 2023 dubban mutane sun kwararo Gadarif, cikinsu har da makaɗa, kuma mai gudun hijira yana rabuwa da abin da yake so don ya ci abinci. Kada ka murƙushe irin wannan mutum a ciniki. Amma an kuma wawashe gidaje ba adadi a Khartum da Jazira, kayan sun bazu kasuwanni. Ka tambayi asalin abin. Mai kaya na gaskiya ya san inda ya saya, ya san tabon da ke bayansa, kuma in ka miƙa masa zai kaɗa maka wani abu. Wanda ya riƙe shi kamar taɓarya, ka yi masa sallama.

A ce an kawo maka shi naɗe a bargo, dattijo ya warware a kan gadon igiya yana cewa, "Ɗana, wannan ɗan Japan ne, ba irin na yanzu ba." Ka ce, "Haka ne, Baba, bari in gaisa da shi." Kada ka fara da sunan da ke rubuce a kai, sitika ba ta da tsada. Ka ɗaga shi ka sa ido ɗaya daga kai ka hango gada, kamar mai duba miƙewar katako. 'Yar lanƙwasa gaba ba laifi. Murɗewa, inda gefen mi ya yi wani wajen gefen sol ya yi wani, ita ce cutar da ba ta da magani, in ka gan ta an gama magana. Sannan ka danne tsirkiyar mi a gaɓar farko da hannun hagu, ka danne ta a gaɓar ƙarshe da gwiwar hannun dama, ka duba tsakiya wajen gaɓa ta bakwai ko ta takwas. Ratar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe ta zama kamar kaurin katin waya. Ka saki, ka duba gaɓa ta goma sha biyu: milimita biyu zuwa biyu da rabi ya isa. In yatsa zai shige, ka nemi makullin ka ce, "Baba, ka yarda in ɗan juya?" In sandar ta juya ta kuma dawo, kayan yana da sauran rai. In ta ƙi motsi, ko tana juyawa fayau ba ta kama komai, ko bakinta ya cinye, kada araha ta ruɗe ka. Sauran abubuwa duk ana gyarawa a garin, wannan ban da ita.

Daga nan ka bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya a kowace tsirkiya, kana saurare. A tsirkiyar sol, tsakanin gaɓa ta biyar da ta bakwai, yawancin bes masu ƙirar Fender suna da sauti ɗaya da ke saurin mutuwa. Halinsu ne, har masu tsadar, ba dalilin fasa ciniki ba ne. Ka jona shi, ka jujjuya maɓallai. Ƙarar ƙasa-ƙasa da kake ji ƙura ce, ana wankewa. Ka girgiza wayar a raminta ka ji ko sauti na yankewa, wannan ma aikin dalma ne. Duk waɗannan ka lissafa su da murya, su ne abin ragin kuɗinka.

Kuskuren da ya fi yawa a lissafi yake. Saurayi ya tara kuɗin kaka ya zuba duka a kan bes, ya dawo gida ya jona shi a amfilifayar jitarsa. Lasifikar jita ba a yi ta don sauti mai kaɗawa sau 41 ba, in an ƙure ta takardarta yagewa take. Ka raba kuɗinka tun farko: kaso mafi girma na bes, amma ka bar na abin ji, da na waya mai kyau, da na tsirkiya. Tsirkiyar bes ta ninka ta jita sau uku ko huɗu a farashi. Don koyo a gida akwai 'yar na'ura kamar akwatin ashana, irin Vox amPlug, da ake cusawa a jikin kayan a saurara ta abin kunne. Da ƙananan batura take aiki, ba ruwanta da ɗauke wuta, kuma mahaifin da bai cika son zancen kiɗa ba ba zai ji komai ba. A filin biki kuwa kada ka wahalar da kanka da neman amfilifayar da za ta cika fili. Sautin ƙasa a sarari watsewa yake, ba bango da zai dawo da shi. Ka shiga na'urar mai sauti kai tsaye, manyan lasifikokinsa su ɗauke ka, ƙaramar taka ta tsaya kusa da ƙafarka don ka ji kanka.

Tsirkiya iri biyu ce, mai kaushi da mai santsi. Mai kaushin ita ke zuwa da sabon kaya, tana da ƙara mai haske, amma ƙura da gumi suna shigewa tsakanin naɗinta, cikin 'yan watanni ta dushe. Masu bes a ko'ina suna tafasa ta a ruwa su shanya, ta ɗan farfaɗo na wani lokaci. Mai santsin ta fi tsada, amma ba ta da ramin da ƙura za ta maƙale, ba ta cin yatsa, tana shekaru. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a yawancin fitattun faya-fayen Motown, irinta yake sawa kuma ba ya canjawa sai ta tsinke. Ga mai jitar da fatar yatsunsa ba ta saba da kaurin tsirkiyar bes ba, ita ce mai sauƙi.

Za a ce maka ka sayi mai tsirkiya biyar, tunda mai org yana sauke waƙa zuwa duk inda muryar mawaƙi ta so, wani lokaci ƙasa da mi. Gaskiya ne ta biyar ɗin tana kai ka har si. Sai dai wuyan ya fi faɗi, kayan ya fi nauyi, tsirkiyar ta fi wuyar samu, kuma a masu araha ta biyar ɗin sau da yawa lakaf take, ba ta da murya. In waƙa ta sauka re, ka kama ta a gaɓa ta biyar ta tsirkiyar la, ba wanda zai bar rawa don haka. Akwai kuma Bass VI, da Fender ya fara a 1961 kuma Squier ke yi yanzu: tsirkiya shida, ɗaurin jita sak, an sauke shi hawa guda. Mai jita yana ganinsa zai ce ga nawa. Shi ne ya fi kowanne ɓata sabon mai bes, don yana barinka ka ci gaba da tunani irin na jita, ga tsirkiyarsa ko a manyan birane sai an yi oda.

Tunanin jitar nan shi ne abin da kuɗi ba ya sauyawa. Mai jita ya saba cike kowane gurbi, ya saba a ji shi. Risha, ɗan abin nan da mai jita ke kartar tsirkiya da shi, ba haram ba ce a bes, McCartney da Carol Kaye da ita suka yi suna, kada wani ya hana ka. Amma ko da risha ko da yatsu, aikinka yanzu biyu ne: ka faɗi tare da babbar ganga, kuma ka kashe tsirkiyar da ba ka kaɗawa, domin tsirkiyar bes in an bar ta tana gunaguni ita kaɗai ta dagula komai. Kiɗan Sudan da yawa uku-uku yake tafiya, mardum da sira da sauransu, kuma inda gangar dalluka ke sauke nauyinta ba lallai ne nan littafin koyon bes na Turawa ya nuna maka ba. Ka zauna da mai ganga ku biyu kawai, ba mawaƙi ba fiyano, ka riƙe sauti ɗaya tak har ƙafarka da tasa su daidaita, sannan ka ƙara na biyu.

Ranar fitarka ta farko, ka je da wuri ka sami mai org kafin a tada janareta. Korg ɗinsa ko Yamaha yana da layin bes a cikin kiɗan da yake kunnawa da kansa, kuma akwai maɓallin da ke rufe wannan layi ya bar ganga da sauran. In bai rufe ba, ku biyu za ku yi ta karo a wuri ɗaya, mai sauti kuma kai zai rage, don kai ne baƙo. Ya shekara yana riƙe da wannan gurbi shi kaɗai, ba lallai ya sake shi da daɗin rai ba. Ka ce masa, "Ustaz, ka bar min ƙasan a waƙa biyu na farko, in bai yi ba ka mayar da naka." Ka roƙe shi kuma ya ɗaga hannun hagunsa sama kaɗan a kan allon, sannan ka tambaye shi a wane sauti mawaƙin zai fara.